Shekarar da Na Binne Irin Baba Saboda Ƙwallo

Bana aka sare gawon nan guda biyu da ke bakin garinmu ta gabas. An ce wayar lantarki ce za ta bi ta wurin, kuma ba wanda ya yi musu, don kowa na son wuta a gidansa. Ni ma ina so. Amma ranar da na jiyo kukan injin yankan itace, sai na bar darnin da nake gyarawa na je na tsaya har na biyun ya kwanta. Yaran da suka taru kallo suna ta ihu suna hawa rassan. Ba su san cewa tsakanin itatuwan nan biyu ne ƙanena ya koyi tsaron gida ba, ba su kuma san abin da tsaron gidan nan ya taɓa jawo wa gidanmu ba. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin manya na yaƙi da jahilci, hannuna ya fara sakewa da alƙalami. Na ce bari in zauna in rubuta shi a hankali, tun akwai waɗanda za su ce haka aka yi.

A zamaninmu ƙwallo abin ji ne kafin ya zama abin gani. Da la'asar ta yi sanyi za ka jiyo dukan balon tsumma, tim, tim, kamar ana kirɓa dawo a nesa, sai ihun wanda ya taka ƙaya, sai muryar wata uwa tana kiran ɗanta ya zo ya ɗaure awaki. Ba mu da takalmi, ba mu da alƙalin wasa, rigima kuwa wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya. Yanzu yaranmu a rumfar kwano suke taruwa gaban telebijin, suna faɗa kan garuruwan Turawa da ba su taɓa takawa ba, kowa da wayarsa a hannu. Ban ce sun yi laifi ba. Na dai lura cewa suna iya kallon ƙwallo tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama ko sau ɗaya. Mu ba mu taɓa samun wannan hutun ba.

Mu biyu ne maza a gidanmu, a wani ƙauye da ke wajen Tajaye. Da aka zo rubuta yaran lakwal, wato makarantar boko, Baba ya ba da ƙaramin ya riƙe ni, don ni na riga na iya riƙe sungumi. Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce, "Kai, wanga." Ƙanen nawa Dogo ake ce masa, kuma sunan ya bi shi: dogayen ƙafafu, dogayen hannuwa, tafin hannu kamar faifai. Duk damina mu biyu ke shuka. Ni ina gaba ina sara da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, shi yana biye da koko, ya ɗebo iri da yatsu uku ya jefa a gurbi ya rufe da diddige. Mai sara ba ya waiwaye. In ka waiwaya layinka ya karkace, har kaka ana ganin karkatar ana yi maka dariya. Da Dogo ya ci jarrabawa ya tafi kwaleji a Ilela, sai ya zama hutu kawai muke ganinsa, amma ranar ruwan farko, ko ana tsakiyar karatu, da ƙafa yake tahowa gida.

Shekarar da nake magana, shi ne mai tsaron gidan kwalejinsu. Kafin nan ba wanda ke lissafi da 'yan kwalejin nan a ƙwallo, yawancinsu yaran ƙauyuka ne da ke zaune gidajen dangi, kowa ya zo sai ya lallasa su ya tafi. Wannan shekarar sai abin ya juya. Labari ya riƙa zuwa mana ran kasuwa a bakin direbobi da masu saye da sayarwa: sun ci waɗannan, sun yi kunnen doki da waɗancan, ba wanda ya doke su tun farkon shekara. Ana cewa akwai wani dogon yaro a raga, in ya buɗe hannuwa sai ka rasa inda za ka buga. Nakan tsaya in ji kamar ban san wanda ake nufi ba, alhali ƙanena ne ake yabo. Haka suka yi ta hawa har aka shiga wasannin da in an doke ka ka fita, har ya rage musu biyu: ɗaya a Malbaza, in sun tsallake, na ƙarshe a Konni. Matsalar ita ce lokacin. Zafi ya kai maƙura, gabas ta fara yin duhu da yamma, tsofaffi sun fara shinshina iska.

Baba kuwa yana kwance. Kurkunu ya fito masa a ƙafar dama, ƙafar ta kumbura kamar turmi, kullum yana zaune a zaure yana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, don in ka ja da ƙarfi ta tsinke ciwon ya koma sabo. Yaran yanzu ba su san wannan ciwo ba, Allah ya raba su da shi. Inna tana da tsohon ciki. Wata Alhamis sai ga malamin wasannin su Dogo, wanda suke kira Mushe, ya zo a kan ɗan babur ɗin nan mobilet ya yi sallama. Ya zauna a tabarma, aka kawo masa fura, suka gaisa suka sake gaisawa.

"Baba, alfarma na zo nema," in ji shi. "Wasa biyu suka rage mana. Ko ruwa ya sauka, a bar mana yaron nan kwana kaɗan. In muka ɗauki kofin nan, har birnin Tawa sai an ji sunan gidanka."

Baba ya juya tsinkensa, ya ce, "Malam, ita balon ga, in an ci ta, ana dakawa a turmi?"

Mushe ya yi dariya.

"Ba dariya nika yi ba. Dubi ƙahwata. Dubi cikin gida. Danshin ruwan farko kwana biyu ne, kowa na gonarshi, ba mai ara maka hannu. Wanga ya sara, wancan ya zuba, ba ni da na ukku. Ranar da ruwa ya sauka, ko shina tsakiyar hili ne, ka sako mini ɗana."

Mushe ya tashi jiki a sanyaye. Na raka shi bakin hanya ina tura masa mobilet a cikin rairayi. Kafin ya hau ya dube ni ya ce, "In babu Dogo, ba mu da raga." Bai roƙe ni komai ba. Ni na ɗora wa kaina sauran.

Akwai abin da ake kira binne. Shi ne ka shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, yana zaune a inuwa mutane na gudu da sungumi. In kuwa yayyafi ne kawai, iri ya ji laima ya tsaga, rana ta biyo baya ta ƙone shi, ka tashi ba gona ba iri. Mutane da yawa na yi. A gidanmu ne ba a yi, don Baba ya taɓa yi yana saurayi ya rasa komai, kuma bai taɓa ba da labarin ya kai ƙarshe ba. Ga shi irin namu ba na kasuwa ba ne. Geron kakanmu ne, mai doguwar zangarniya da gashi wanda tsuntsu ba ya son sauka a kai. A shekarun wahala da suka wuce, duk waɗanda Baba ya taɓa ɗiba wa sun cinye nasu. Abin da ya rage a duniya, iyakar sanina, shi ne dammunan da ke rataye a ƙololuwar rumbunmu, kuma Baba kaɗai ke taɓa su.

Da ƙafar ta ƙara kumbura aka ɗora shi a amalanke aka kai shi gidan likita a Tajaye, aka ce zai kwana uku. Ranar Juma'a ce. Na aika wa Dogo ya taho, na jingina tsani na hau rumbu. Inna ta fito ta gan ni ina sauko da dammunan, ta daɗe tana kallona.

"Ni ban gani ba," ta ce. "Amma ka rage rabi. Ka ji ni? Ka rage rabi."

Na rage. Na sussuka, na raba biyu, na rufe rabin a ƙwarya a ɗakinta. Asabar da sassafe muka shiga gona, ƙasa na ƙuna tun hantsi, sungumi na shiga rairayi gurbin na rufe kansa. Ina gaba ina sara, Dogo na baya yana ba ni labarin yadda ake karanta ƙafar mai bugu, ina jin daɗi ina ƙara sauri. Ban waiwaya ba. Ban tuna cewa yatsun Dogo uku sun yi biyar na wani ba, ban tuna cewa hannunsa ya saba da cafke balo ya manta awon iri ba, ga shi yana gaggawa don Lahadi da yamma dole ya koma Ilela. Irin da ya kamata ya rufe gonar duka sai ga shi ya ƙare muna tsakiya.

"Yaya, koko ya yi wayam," in ji shi.

Na tsaya na dubi rabin da ya rage. Na ce a raina, rabin gona ba zai fitar da Dogo ba, in ruwa ya sauka Baba zai kira shi saboda sauran, mun yi aikin banza ke nan. Na koma gida Inna na wajen rijiya, na shiga ɗakinta na ɗauko ƙwaryar. Wannan kuskuren ba na Dogo ba ne. Nawa ne ni kaɗai.

Ranar da aka dawo da Baba, tun bai gama zama ba wani maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Sannu da jiki, sannu kuma da binne. Ashe bana ka sake shawara." Bayan mutumin ya fita sai na ji, "Kai, wanga. Taho."

Na durƙusa.

"Nawa ka rage?"

Na kafa ido a kan tabarma.

"Tambayarka nika yi."

"Ban rage ba, Baba."

"Ko ƙwara?"

Na sunkuyar da kai. Na so ya ɗauki sandarsa ya rafka mini, da na fi samun sauƙi. Bai ɗauka ba. Ya dubi ƙafarsa, ya juya tsinken nan sau ɗaya a hankali, ya ce in tashi in ba shi wuri. Daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Akushin da muke ci tare aka raba shi biyu.

Kwanakin da suka biyo baya a gona na yi su. Ina korar zabi, ina toshe ramukan kurege, ina bin layin tururuwa in ga ko irinmu suke ja. Ban je Malbaza ba. Direban motar kasuwa ne ya tsaya a bakin hanya ya ƙwala mini kira ya ce sun ci ɗaya da nema, an zuba wa Dogo gwiwa a haƙarƙari amma ya ƙi fita. Na yi murna, murnar ba ta kai ciki ba. Wasan ƙarshe ya kama ranar Lahadi ta sama. Ranar Alhamis da la'asar sai iska ta juyo, gari ya yi duhu, yara suka fita tsirara suna tsalle. Aka yi yayyafi kamar na shan fura ɗaya, ya ɗauke. Na ruga gona na tona da hannu. Ruwan shuka sai danshi ya wuce tsawon tafin hannu. Wannan gaɓar yatsa biyu ya shiga, daidai inda iri yake kwance, daga nan busasshen rairayi. Ba wanda ya fita da sungumi a garin. Kowa ya dubi ƙasa ya koma gida, wasu suna satar kallona.

Asabar da safe na sake tonawa. Ƙwayoyin sun kumbura, kowace ta fito da ɗan farin zare. Na dawo na wuce ta zaure kaina a ƙasa.

"Ya tsaga?" Maganar Baba ta farko ke nan gare ni cikin mako biyu.

"Ya tsaga, Baba."

"To kwana ukku gare shi. In rana ta yi sauƙi, huɗu." Sannan ya ce, "Tahi Konni. Tahi ka ga abin da ka ba da irin ubana saboda shi. In ka zamna nan ma ba ruwa za ka zama ba."

Konni ta lokacin ba ta cika da kabu-kabu kamar yanzu ba, kekuna ne da amalanke da manyan motocin kan iyaka, amma a idona na ɗan ƙauye ta fi ƙarfin kallo. Filin yana da turakun ƙarfe da raga ta gaske. Mutane sun kewaye shi sahu-sahu, wasu a kan katanga, wasu a kan itatuwa, masu kalangu na gefe guda, masu sayar da rake da ruwan sanyi na karɓar sefa da naira duka. 'Yan wasan garin suka fito kowa da takalmin ƙwallo. Namu rabi takalmin roba, biyu ma ƙafa ba komai. Wani daga cikin taro ya ɗaga murya ya ce, "'Yan ƙauye, ku koma gida ku yi shuka!" Aka kwashe da dariya. Ni kaɗai na san inda maganar ta soke ni.

Dogo ya hango ni ya taho bakin igiya.

"Yaya, an ce an yi yayyahi wajenmu. Gona fa?"

"Lahiya lau. Bai kai ga iri ba. Kai dai tsare ragarka."

Ya dubi hannuna da ke riƙe da igiyar, ya koma.

Aka busa. Tun daga farko a gidanmu aka zauna, bakin ragar Dogo. Suna zuwa ta dama suna zuwa ta hagu, Dogo na tashi sama yana faɗuwa ƙasa, duk faɗuwar da zai yi a kan haƙarƙarin nan sai in ga ya ɗan jima kafin ya miƙe. Ya ture ɗaya da yatsu ta bugi turke. Ya cafke wata a ƙafar mai bugu, har kalangu ya yi shiru. Kafin hutun rabin lokaci dai suka samu ɗaya ta shige, filin ya ɗauka kamar za a tsaga ƙasa. Na ce shi ke nan, ba iri ba kofi. Bayan an dawo, wani ɗan guntun yaro namu, ɗaya daga cikin marasa takalmin, ya kutsa tsakanin manya biyu ya sa kai ya rama. Mushe ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. A daidai nan ne iska mai sanyi ta bugi ƙeyata.

Na juya. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin, daga gabas yana jingina arewa, wato wajen gida. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Allah ka riƙe mana shi har a tashi." Ban san lokacin da na ce, "Allah ka sako shi yanzu" ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, yaro, lahiyarka?" Daga nan kallona ya rabu biyu. Ido ɗaya a raga, ido ɗaya a sama. Ina ganin ƙafar ruwan ta sauko can nesa kamar an rataya baƙin zane, ina ta auna ta da hanya: nan Tsarnawa, can Dabnu, to wancan duhun a kanmu yake ko ya zarce Malbaza? Lokaci ya cika ɗaya da ɗaya. Aka ce za a raba da bugun daga kai sai mai tsaron gida, biyar-biyar.

Ban taɓa jin taro ya yi shiru irin na ranar ba, har kana jin takardu na gudu a ƙasa. Muka ci, suka ci. Muka zubar da ɗaya. Dogo ya kama ɗaya, aka koma daidai. Muka ci ta biyar. Saura tasu ta ƙarshe: in Dogo ya tare, kofi namu ne. Na ga yaron ya ajiye balo ya ja da baya. Na ga Dogo ya buɗe hannuwan nan nasa. Sai walƙiya ta keta ta wajen gida, doguwa har ƙasa, na juya gaba ɗaya ina neman inda ta sauka. Ihu ne ya dawo da ni. Ko da na waiwayo, ba na ganin Dogo, mutane sun rufe shi, Mushe na gudu da takalmi ɗaya. Kafin a miƙa kofin ruwa ya ɓarke a Konni kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a cikinsa ina kuka, mutane na dafa ni suna cewa barka, sun ɗauka na kofi ne. Ni kuwa cewa nake, in wannan ya kai gida, na tsira.

Da safe aka ce 'yan wasa za su wuce Ilela a zaga gari da kofi. Dogo ya ce shi gida za shi. Muka hau bayan wata babbar mota. Daga Konni har Tsarnawa ruwa kwance a gefen hanya, mutane sun fito gonaki ana ta sara. Muka wuce Dabnu ƙasa na da duhunta. Na fara sakin numfashi. Can gaba kaɗan sai na ga tabkunan sun ƙanƙance, sai na daina ganin masu shuka, sai na ga ƙura ta fara tashi a bayan motar. Na ce, "Dogo, ƙarya na yi maka jiya. Ya tsaga tun Asabar." Ya ce, "Na sani, Yaya. Na ga ƙasa a farcenka." Da muka sauka muka kama hanyar gari da ƙafa, duk 'yar tafiya sai in durƙusa in tona. Ko ɗigo bai sauka ba.

A gona muka tarar da Baba. Ya sa an ɗora shi a jaki, ya sauka ya ja jiki da sanda har tsakiyarta. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mana: tsiron kan tudu ya bushe ya zama kamar gashi. Duk faɗin gonar haka.

"Kun ci?" ya ce da Dogo.

"Mun ci, Baba."

"To." Ya nuna kwarin da ke ƙarshen gona da sandarsa, inda ƙasa ke da ɗan laka. "Can akwai masu rai, ba su kai layi goma ba. Ku ɗauko jaki da tuluna."

Kwana tara muka yi muna ba gero ruwa da koko, gurbi-gurbi, safe da yamma. Rijiyarmu tana da zurfi, kuma lokacin makiyaya na layi da shanunsu, sai ka jira. Dogo ke ja, ni ke kaiwa. Hannun da aka ɗaga sama a Konni ya tsage ya yi jini a kan igiyar guga, ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba. Wani tsohon Bafillace da ya ji abin da muke yi ya riƙa bar mana layinsa. 'Yan garinmu kuwa abin dariya suka samu. In mun wuce sai ka ji, "A'a, masu kofi, albasa kuka koma nomawa? Ku tahi Galmi mana!" Kullum sai mun tarar wasu gurabun sun mutu duk da haka, kullum layin na raguwa, kullum Baba na zaune a gindin kwarin yana kallo. Rana ta tara da azahar ruwan gaske ya sauka. Muka shuka sauran gonar da wani gajeren iri da Inna ta samo a gidan 'yan'uwanta, ni ina sara, Dogo na zubawa, wannan karon ina waiwaye, layi ya karkace ya karkace.

Abin da muka girba bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Shekarar ce na fara fita ci-rani, na tsallaka iyaka na yi ga-ruwa a Sakkwato, kuma tun daga nan ban sake buga balo tsakanin gawon nan biyu ba. In an tambaye ni yaushe ƙuruciyata ta ƙare, ranar da na ɗauko ƙwaryar nan daga ɗakin Inna nake tunawa. Kwarin ya ba da dami biyu na geron kaka. Baba, da ƙafarsa ta warke, ya hau da kansa ya rataye su. Ko a watan da Inna ke auna tuwo da ludayi ba wanda ya dube su. Ya kuma ɗauke tsanin rumbu ya kai ɗakinsa. Shekara biyar ina noma gonar, ina girbi, ina ɗaurin dami, amma zaɓen iri da hawa rumbu ba ni a ciki.

Dogo bai zama wani shahararren ɗan ƙwallo ba. Malamin makaranta ne yanzu, da furfura da ciwon gwiwa, in ya zo hutu yakan ce a ba shi koko ya taya mu, yarana su ce, "A'a Baba Dogo, kai dai zauna a inuwa." Irin yana nan, shi nake shukawa har yau. Yanzu ana jin labarin ruwa a rediyo da waya tun kafin ya zo, ana sayar da iri a leda, ba wanda zai yi kuka a kan dami biyu. Ni dai kowace shekara buhu biyu nake yi, kuma bara da hannuna na rubuta a jikin na biyun cewa kada a taɓa.

A kaka ta biyar ne, muna zaune a bakin rumbu da hantsi ana shigar da dami, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kai, wanga. Kai ka tahi Konni. Ta ƙarshen nan da ya kama, dama ya hwaɗi ko hagu?"

Ban taɓa sanin abin ya dame shi ba. Shekara biyar ina ba mutane labarin bugun nan a dandali, yadda na tsinta a bakin wasu, wani lokaci dama wani lokaci hagu. Na buɗe baki zan zaɓi ɗaya, sai na kasa.

"Baba, ban gani ba."

"Ba ka gani ba? Ina kake?"

"Ina wurin. Hadari nika kallo, wajen gida."

Ya juyo ya dube ni sosai. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba, har tari ya sarƙe shi. Ya ƙwala wa Inna kira ya ce, "Kin ji ɗanki? Ya hau mota tun daga nan har Konni, ya tahi kallon sama!" Ya share idonsa da bakin riga. Da ya huta sai ya nuna ɗakinsa da haɓa.

"Tsani na bayan ƙyaure. Ɗauko, ka hau ka zaɓa mana na baɗi."

Har yau ban san ko dama Dogo ya faɗi ko hagu ba. Ban taɓa tambayarsa ba.